Aikin Hannu a Zaurukan Utai da Abin da Ya Rage a Makarantunmu

Ran wata Alhamis, jajibirin kasuwar Wudil, muka sauka Utai bayan mun gama zagayen waɗansu makarantu na wannan yanki. Duk wanda ya san tarihin Kano ya san sunan garin nan, gama nan ne mazaunin Fulani Joɓawa, jama'ar Malam Bakatsine, ɗaya daga cikin malaman da suka yi jihadi a ƙasar Kano, kuma daga gidansu ne ake naɗa Makama. Mu dai ba tarihi ya kai mu ba. Rana ce ta yi zafi, wani dattijo ya yi mana shimfiɗa a zaurensa, sai muka tarad da wani darasi wanda muka kwana uku muna nema a ajujuwa ba mu samu ba.

Dattijon nan yana zaune da babbar riga a kan cinyarsa, yana yi mata aska takwas. An riga an zana aikin da tawada a jikin yadin, shi kuwa yana bin zanen da allura, huji bayan huji. Kusa da shi ga jikansa, yaro wanda bai wuce aji biyar na firamare ba, yana cika gidajen wata hula. Muka tambayi yaron yadda yake yi har furen farko da na ƙarshe su haɗu daidai a bayan hula, ba giɓi ba ragi. Ya ce ai sai an auna zagayen hular, a raba shi gida-gida, a ƙirga zare a kowane gida, in lissafi ya ɓace sai a warware. Watau yaron nan rabawa yake yi, da awo, da daidaita dama da hagu, kullum bayan la'asar. Da muka tambaye shi labarin lissafi a makaranta sai ya sunkuyar da kai, ya ce shi ba ya ganewa.

Gidan ba shiga, saboda haka wata malama da ke tare da mu ita ce ta shiga gaida matan gida, ta daɗe ba ta fito ba. Ashe ta tarar ana aikin gara ne, za a kai wa wata amarya. Ga nakiya an daka an ajiye, ga dubulan a faranti, ana kan alkaki. Ta kwashe yadda ake yi ta zo ta faɗa mana, mu kuwa muka rubuta, domin abin ya isa a rubuta. Alkama ɓarza ta ake yi, ba a niƙa ta lilis. A murje ta da mai, a kwaɓa da ɗan abin tsami, a rufe ta kwana. Da safe ta tashi, sai a sa ɗan ruwan kanwa ya karya tsamin, a mulmula a nannaɗe, a soya a wuta marar ƙarfi don cikin ya soyu kafin bayan ya ƙone. Sa'an nan a tsoma a zuma, ko a sukarin da aka dafa da tsamiya ko lemon tsami. Da aka tambayi uwar gida amfanin tsamiyar, ta ce in babu ita sukari ya huce sai ya koma gari a jikin alkaki. To, abin da malamin kimiyya zai faɗa ke nan, cewa tsami yana hana sukari komawa ƙwaya, kanwa kuma tana kashe tsami. Tsohuwar nan ba ta taɓa shiga ɗakin gwaji ba, amma ta fi shekara 30 tana yin gwajin, bai kuwa taɓa ba ta kunya ba a gaban dangin ango.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Sa'ad da Bajamushen nan Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta tufafin da Kano take sayarwa waje a shekara sun kai na kuɗin wuri miliyan 300 ko fiye. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne ba a manyan masaƙu ake yin su ba. Mata suna kaɗi a ɗaka, maza suna saƙa da ɗinki a ƙofar gida, marina suna rini, mabuga suna bugu, kowa yana noma gonarsa kuma. Garuruwan ƙasar Wudil irin su Indabo sun yi suna a saƙa, Wudil kanta har yau in an ce ɗinkin hannu sai an ambace ta. Arzikin da ya kai sunan Kano har Tarabulus daga irin zauren nan ya fito.

Yanzu sai mu koma makaranta, inda laifin yake namu. Dattawan da suka yi elementare zamanin En'e suna tuna lokacin aikin hannu, inda yaro zai tufka igiya, ko ya saƙa tabarma, ko ya gina tukunya, malami ya duba ya ba shi maki. A Wudil ma an yi makarantar koyon sana'a, wadda Rabi'u Musa Kwankwaso ya yi karatu a cikinta kafin ya zama injiniya, ya kuma zama gwamnan Kano a 1999. Da aka kawo ilmin firamare kyauta a 1976 yara suka yi yawa, malamai suka yi kaɗan. Da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982, an yi niyya mai kyau ta koya wa yara sana'a a ƙaramar sakandare, aka sayo injuna daga ƙasashen waje, amma a makarantu da yawa a cikin akwatunansu suka tsufa, don babu lantarki, babu wanda ya iya kunna su. Muna can muna jiran inji, muka manta da allura.

A wata makaranta daga cikin waɗanda muke zagayawa mun iske abin da ya fi wannan muni. An rubuta aikin hannu a jadawali, ga maki a littafi, kowane yaro ya ci. Muka ce a nuna mana abin da yaran suka yi, sai aka buɗe ɗakin ajiya, ga tsintsiyoyi iri ɗaya, ɗauri ɗaya, duk daga kasuwa. Waɗansu ma kuɗi suka kawo a madadin tsintsiyar. Yaron da aka ba maki a kan abin da ya saya, me aka koya masa? Malamin ba mugu ba ne, shi ma haka aka yi masa, kuma mu da muka horar da shi a kwaleji ba mu taɓa sa shi ya riƙe kaba a hannunsa ba.

Ba kuwa muna cewa sana'ar gida ba ta da aibi ba. Dattijon Utai ya ce hula mai kyau takan ci mako biyu ko fiye, riga kuwa sai a yi watanni, alhali keken surfani da na kwamfuta suna fid da irinta a yini ɗaya. Mai ɗinki yakan karɓi lada kaɗan daga hannun dillali, ribar tana gaba. Idonsa ma ya fara gaza zura zare, jikan ne yake zura masa. Roba ta ture tukunya da ƙwarya a gidaje da yawa. Abin da ya fi damunmu kuwa shi ne talla: ƙuli-ƙuli da wainar da uwa ta soya a ɗaka, 'yarta ce take ɗauka a kai da hantsi, lokacin da ya kamata a ce tana aji. Malamin da ya tsaya a kan zagin talla bai taɓa dawo da yarinya ko ɗaya ba, gama da kuɗin tallar nan ake tara mata kayan ɗaki, uwar kuwa ba za ta saki ba sai ta ga makaranta tana ƙara wa sana'arta wani abu.

Akwai abin da makaranta za ta iya ƙarawa, ba tare da jiran kasafi ba. Lissafin riba da faɗuwa da muke koyarwa da misalin kantin da yaro bai taɓa gani ba, a koyar da shi da mudun gyaɗa: nawa aka saya, kwalba nawa ta mai ta fito, ƙuli nawa, nawa aka ba mai niƙa, nawa itace ya ci. Yarinya ta koma gida ta yi wa uwarta wannan lissafi, watakila ranar ce uwar za ta fara sanin ko tana cin riba ko wahala kawai take ci. Akawun da ke zaune a unguwa shi ma yana iya buɗe wa matan gidansu littafin shiga da fita, aikin rabin sa'a ne. Haka kuma babban malami ya je da kansa ya gai da gwanin garin, ya roƙe shi ya zo sau ɗaya a mako. A 1954 Ladi Kwali ta shiga makarantar ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a Abuja ta dā, wadda yanzu ake kira Suleja. Ba ta yi boko ba, a hannun 'yar'uwar iyayenta ta koyi gini, amma ta je Ingila da Amurka tana nuna wa ɗalibai yadda ake yi, ga hotonta nan a bayan takardar Naira 20.

Kafin mu tashi muka tambayi dattijon ko zai yarda ya je makaranta in an gayyace shi. Ya yi dariya, ya ce shekararsa 40 yana ɗinki a zauren nan, makaranta tana nan kusa, ba wanda ya taɓa tambayarsa sai yau. Ya ce zai je, amma ban da Alhamis da Juma'a, don ranakun haɗa kaya ne da kai su kasuwa. Muka ba da kafin alƙalami a kan hular da jikan yake ɗinkawa, saura gida huɗu ya gama, za mu karɓa in mun dawo zagaye na gaba.