Ƙaramin Adadi Ne Ke Yanke Hukunci: Lissafin Sayen Rufaffiyar Tirelar Ɗaukar Mota

Idan aka ce tirela a Kano ko Maraɗi, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne doguwar motar nan da ke ɗauko siminti ko shanu. A Amurka tana da wata ƙanwa wadda ba inji, ba direba. Akwati ne na ƙarfe a kan tayoyi huɗu, da rufi da bango da ƙofar baya, ana maƙala shi a bayan a-kori-kura, a shigar da mota guda a rufe. Masu tseren motoci da masu adana tsofaffin motoci masu daraja da dillalan motocin alfarma su suka fi sayenta. Motocin gwanjo da ake turowa Kwatano da Legas yawanci a buɗaɗɗiyar tirela suke isa tashar jirgin ruwa. Rufaffiyar ta motar da ake wa tsoron tsakuwa ce, da ƙanƙara, da gishirin da ake barbaɗa wa hanya lokacin sanyi.

Mai saye yakan shiga filin dillali da adadi biyu a kansa: tsawon tirelar, da nauyin da aka ce motarsa za ta iya ja. Su ne ake rubutawa da manyan baƙaƙe a talla, kuma ba kasafai su ke kawo cikas ba. Masu kawo cikas ƙananan alƙaluma ne da ke jikin sitika, waɗanda ba sa magana sai an yi musu lissafin debewa. Amurkawa da laba da ƙafa da inci suke awo: laba ɗaya kilo 0.454 ce, ƙafa ɗaya santimita 30.5, inci ɗaya santimita 2.54.

Faɗi: inci 102 a waje, kusan 96 a ciki

Kusan duk tirelar da aka ƙera don mota faɗinta ƙafa 8.5 ne, wato inci 102 ko mita 2.59. Ba masu ƙira ne suka haɗa baki ba. Dokar sufuri ta tarayya ta 1982 ce ta tsayar da wannan faɗi a manyan hanyoyin Amurka, su kuwa masu ƙira suka cika shi taf. A Tarayyar Turai iyakar mita 2.55 ce, don haka tirelar Amurka ta zarce ta da santimita huɗu.

Kaurin bango yana cin nasa, abin da ya rage a ciki kusan inci 96 ne. Toyota Camry faɗinta kusan inci 72, ban da madubai. A debe, saura 24, a raba biyu: inci 12 a kowane gefe, kimanin santimita 30. Direba ya shigar da mota, ya kashe ta, ya tura ƙofa, ta buɗe kamar taƙi ɗaya ta ci karo da bango ko da akwatin da ya rufe tayar tirela daga ciki. Daga nan sai dai ya zuge gilashi ya fito ta taga, ƙafa ɗaya kan kujera, hannu kan rufin motar da aka sayi tirelar don kada a ƙarce ta. Shi ya sa masu abin suke biyan kuɗin wata ƙofa a bangon hagu daidai ƙofar direba, ko su sa injin ja a gaba, su jawo motar da waya ba kowa a ciki.

Tsawo da tsayi

An fi samun masu ƙafa 16, 18, 20, 24 da 28. Camry tsawonta kusan ƙafa 16 ne, mita 4.9, amma tirela mai ƙafa 16 ba tata ba ce. Igiyar ɗauri tana son fili gaba da baya, kuma dole a sami damar matsar da motar gaba ko baya don daidaita nauyi. Ƙafa 20 ta bar ƙafa huɗu na wannan hidimar. Ƙafa 24 ta bar takwas, har da wurin akwatin kayan aiki da tayoyin canji. A tambayi dillali ko tsinin gaban tirelar yana cikin adadin da ya faɗa, domin gaban mota ba ya shiga lungun tsini.

Tsayin ciki da aka saba ƙafa 6.5 ne, inci 78, bakin ƙofa kuma ya gaza haka da 'yan inci. Land Cruiser samfurin 200 tsayinta kusan inci 74, kuma a karkace take shiga. Mai irinta ya nemi ƙafa 7, ya auna bakin ƙofa da kansa.

Ƙofar baya ita ce ake kwantarwa ta zama mahawa. Idan tsawonta inci 84 ne, daɓen tirelar kuma inci 20 daga ƙasa, hawan ya kusa digiri 14. Idan an sassauko da ƙarshen daɓen da inci huɗu, ya koma digiri 11. Ga motar tsere mai bamba dab da ƙasa, digiri ukun nan su ne tsakanin shiga lafiya da jin ƙarar roba tana karyewa.

Lissafi na farko: 7,000 a debe tirelar kanta

A jikin kowace tirela akwai sitika mai haruffa GVWR. Adadin da ke gabansu shi ne iyakar nauyin tirelar da duk abin da ke cikinta a haɗe. A nan aka fi yin tuntuɓe, don mutane da yawa sun ɗauka nauyin lodi kaɗai ake nufi.

Adadin daga gatari yake fitowa. Gatari biyu masu laba 3,500 kowanne sun ba da 7,000, wato kilo 3,175. Gatari biyu masu 5,200 sun ba da 10,400, amma a sitika sai a ga 9,990. Ba kuskure ba ne. Laba 10,000 kan iyaka ce a dokokin Amurka: idan tirela ta haura ta, kuma jimillarta da mai janta ta kai 26,001, mai aikin haya da ita sai da babban lasisin tuƙin kasuwanci, wasu jihohi kuma suna da ƙarin sharuɗɗansu daga wannan adadi. Masu ƙira sai su tsaya laba goma kafin layin.

Mu ɗauki misali. Tirela mai ƙafa 20 da ƙashin ƙarfe takan yi laba dubu uku da 'yan ɗaruruwa ba komai a cikinta. Mu ce 3,400. Camry ma mu ce 3,400.

Iyakar tirela: 7,000
Nauyinta ita kaɗai: 3,400
Abin da za ta iya ɗauka: 3,600
Nauyin mota: 3,400
Saura: 200

Laba 200 kilo 91 ke nan, bai kai buhun siminti biyu ba. A cikinsa ake son a sa safaya taya da jak da igiyoyi da injin ja da batirinsa da akwatin sifanu. An yi obalodi tun ba a fita daga gida ba, da motar da ba wanda zai kira ta babba.

Mai 9,990 ta ɗan fi nauyi saboda manyan gatura da tayoyi. Mu ce 3,700. Abin da za ta ɗauka ya zama 6,290. Camry ta shiga, saura 2,890. Land Cruiser mai kusan 5,800 ma ta shiga, da ɗan abin da ya rage. Wata hanyar ita ce tirelar alminiyam, irin wadda kamfanin Featherlite na jihar Iowa ya yi suna da ita: ta fi ta ƙarfe sauƙi da ɗaruruwan laba, ta kuma fi ta tsada. Mai gatari 3,500 ita ce mai araha a fili, araha kuwa ba ta ado.

Lissafi na biyu: abin da ke danne mai ja

Adadin jan kaya da ake tallatawa ba na bogi ba ne. Akwai ma'aunin da ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ta shimfiɗa, mai lamba J2807. Toyota ta fara bin sa a 2011, Ford da General Motors da Ram suka biyo baya da a-kori-kuransu samfurin 2015. Cikin gwaje-gwajen akwai hawan Davis Dam a jihar Arizona: mil 11.4, tudun da ya kusa ƙafa 3,000, zafi aƙalla digiri 37.8, na'urar sanyaya mota a ƙure. Sai dai ma'aunin mutum biyu kawai ya lissafa a cikin motar, kowanne laba 150, kilo 68. Ba iyali, ba kaya a bodi.

Tirela ba ja kawai ake yi mata ba, ɗaukarta ake yi. Wuyanta yana zaune a kan ƙwallon maƙali, kuma ƙa'ida ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta ya sauka a wurin. Idan ya gaza, tirelar ta fara kaɗa wutsiya a kan hanya har ta fi ƙarfin sitiyari. Idan ya zarce, gindin mai ja ya zauna, gabanta ya ɗaga, tayoyin gaba su rage riƙe kwalta. Wannan nauyi ba daga adadin talla ake cire shi ba. Daga wani adadi ne da ke kan sitikar bakin ƙofar direba, wanda ya faɗi jimillar mutane da kayan da motar za ta ɗauka.

A ce talla ta ce 11,000, sitika ta ce 1,600, tirela kuma ta cika 7,000.

Sitikar ƙofa: 1,600
Wuyan tirela, kashi 12: 840
Maƙalin rarraba nauyi, a ƙiyasce: 100
Manya huɗu, kowanne 180: 720
Saura: an zarce da 60

A lissafin talla akwai rarar laba 4,000. A lissafin sitika an riga an ci bashi. Idan kuma aka cika mai 9,990 har wuya, kashi 12 ɗinta kusan 1,200 ne, saura 400 kafin a lissafa maƙali da direba. Wanda ya warware lissafi na farko da babbar tirela sau da yawa yakan tarar ya jawo wa kansa sayen babbar a-kori-kura. Gara ya san haka kafin ya sa hannu a takarda.

Tayoyi, birki da igiya

Kowace taya tana ɗauke da adadinta a gefe. ST205/75R15 mai ajin C tana ɗaukar laba 1,820 idan iskarta ta kai 50; huɗu sun ba da 7,280, rarar 280 kacal a kan 7,000. ST225/75R15 mai ajin D tana ɗaukar 2,540 a iska 65, huɗu, 10,160. Iska ta ragu, adadin ya ragu tare da ita. Irin waɗannan tayoyi a al'ada mil 65 a awa aka yanka musu, kilomita 105, sai idan an rubuta wani abu dabam a jikinsu. Lambobi huɗun ƙarshe bayan haruffan DOT shekarun taya ne: 2321 na nufin mako na 23 na 2021. Tayar tirela takan tsufa a tsaye, zanenta bai cinye ba.

Jihohi da yawa sun wajabta birki daga laba 3,000, abin da rufaffiyar tirela takan wuce tun tana fanko. A Birtaniya da Tarayyar Turai daga kilo 750 ne. A nemi birki a gatura biyun duka, da ɗan batirin da ke danne shi idan tirela ta ɓalle. Dokar tarayya ta masu haya minti 15 ta ce ya riƙe.

Igiyar ɗauri ma adadi biyu gare ta. Wadda aka rubuta wa 10,000, a nan take tsinkewa. Abin da aka yarda a ɗora mata sulusin haka ne, 3,333. Doka ta tsaya a igiya biyu ga motar da ba ta wuce laba 10,000 ba, amma masu sana'ar huɗu suke sawa, ɗaya a kowace kusurwa.

Kuɗin da iska ke karɓa

Gaban akwatin bango ne mai faɗin ƙafa 8.5 da tsayi wajen 8 daga ƙasa, murabba'in ƙafa 68. Turjiyar iska tana ƙaruwa ne da gudu sau kansa. Daga kilomita 90 zuwa 110 a awa gudu ya ƙaru da kashi 22, turjiya kuwa da kashi 49. Kuma iska ba ruwanta da ko akwai mota a ciki: buɗaɗɗiyar tirela idan ta sauke lodi ta huta, rufaffiya kuwa da bangonta take komawa gida. Kowane inci shida da aka ƙara wa tsayi ƙarin murabba'in ƙafa huɗu ne da za a riƙa saya wa mai muddin ana janta.

Sikeli

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan harka bai sani ba: tirela mai 7,000 da mai 9,990 kamarsu ɗaya daga nesa, fenti ɗaya, tsawo ɗaya. Nauyin da ke takardar dillali ma sau da yawa na tirelar da ba a ƙara mata komai ba ne, kafin kabad da ƙofar gefe da ƙarin tsayi.

A tashoshin manyan motoci na Amurka akwai sikelin CAT mai faranti uku. A hau da lodi, tayoyin gaba a na farko, na baya a na biyu, na tirela a na uku. A je a ajiye tirelar, a dawo a hau da mai ja kaɗai. Abin da gatura biyun mai ja suka ragu da shi, shi ne nauyin wuyan tirela, muddin an saki sandunan maƙalin rarraba nauyi a awon farko. A haɗa shi da abin da faranti na uku ya nuna, nauyin tirelar duka ke nan. Sai a tsaya da 'yar takardar a bakin ƙofar direba, a jera ta da sitika, layi-layi. Layin da saura ya fi ƙanƙanta, shi ne girman tirelar da mutum ya mallaka.