Ƙosai A Birazil, Sambusa A Fadar Delhi

Duk ma'aikacin da ya saba tsayawa wurin mai ƙosai da safe kafin ya wuce ofis, ko ɗalibin da kan zuba ƙuli-ƙuli a aljihu ya shiga aji, da wuya ya taɓa tunanin abin nan da yake taunawa yana da tarihi. Mukan ɗauki kayan ƙwalama abin motsa baki ne kawai, ba ma lissafa su cikin abinci. Alhali kuwa sun fi tuwo da miya yawon duniya, domin fatake da alhazai da bayi duk sun ƙetare hamada da teku da su.

A dubi sambusa, wadda alhazanmu suka sani a Makka da Madina, musamman wajen buɗa baki a watan azumi. Sunanta daga harshen Farisa ya fito. Shahararren matafiyin nan na ƙasar Maroko, Ibn Battuta, wanda ya isa birnin Delhi wajen shekarar 1334, ya ba da labarin yadda ake kawo ta a walimar Sarki Muhammadu bin Tughluq: niƙaƙƙen nama da albasa da kayan ƙamshi da 'ya'yan itace masu maiƙo, a naɗe su cikin ɓawon alkama marar kauri, a soya da man shanu. Abincin fada ke nan. Ta yau da ake sayarwa a titunan Indiya galibi dankalin turawa ne a cikinta, shi kuwa dankalin nan asalinsa Amurka ta Kudu ne, bai isa Indiya ba sai da Turawa suka kai shi, ƙarnoni bayan rasuwar Ibn Battuta. Af, shi ne fa mutumin da ya biyo ta Takedda, cikin ƙasar Nijar ta yanzu, a 1353, har ya ambaci Gobir a littafinsa.

Ɗalibanmu da suka yi karatu a Azhar kuma sun san ta'amiyya, watau ƙosan Misirawa, wadda ake yi da waken nan mai faɗi da suke kira ful, a markaɗa shi ɗanye da tafarnuwa da ganyayen ƙamshi, shi ya sa cikinta kore ne.

To, amma labarin da ya fi taɓa mu yana birnin Salbado na jihar Bahiya, a ƙasar Birazil. Can za ka ga mata sanye da fararen tufafi da ɗankwali, zaune gaban kasko, suna soya abin da ko yaro daga Kano ya gani zai ce ƙosai ne. Suna kiransa akaraje, daga kalmomin Yarbanci biyu: akara, watau ƙosai, da je, watau ci. Wake ne irin namu, a jiƙa, a surfe, a markaɗa da albasa da gishiri, a buga. Sai dai su da manja suke soyawa, kuma curin ya fi namu girma nesa, domin tsaga shi ake yi a cusa masa busasshen jatan lande da yaji da miyar kuɓewa.

Cinikin bayi ne ya kai shi can. Yaƙe-yaƙen jihadi da aka fara a 1804 da rushewar daular Oyo sun jefa dubban Yarbawa da Hausawa da Nufawa cikin jiragen da ke zuwa Bahiya. Hausawa ne ma suka shirya yunƙurin tawayen bayi na 1807 a can. A cikin wannan ƙunci mata bayi da yawa talla suke yi a titi, su kai wa iyayengijinsu wani ƙayyadadden kuɗi, su riƙe abin da ya saura. Da irin wannan tarin wasu suka fanshi kansu tun kafin Birazil ta soke bauta a 1888. A ganina, wanda ya san wannan ba zai ƙara yi wa kaskon mai ƙosai kallon raini ba.

A Bahiya akaraje yana da alaƙa da addinin gargajiya na Kandomble, inda ake miƙa shi ga iskar da suke kira Yansa. Wannan ya jawo jayayya da wasu masu sayarwa mabiya majami'un bishara suka sake masa suna don su raba shi da asalinsa. A ƙarshen 2004 hukumar kula da kayan tarihi ta Birazil ta amince a rubuta sana'ar matan nan cikin al'adun gado na ƙasa, har da tufafinsu da yadda suke shirya tirensu.

Rajista kuwa ba ta hana a taɓa abincin mutum ba. Da Birazil ke shirin karɓar gasar cin kofin duniya ta 2014, dokar gasar ta ba hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ikon keɓe ciniki a filayen wasa da kewayensu, har nisan kilomita 2, ga kamfanonin da ta yarda da su. Ma'anar wannan ita ce matan da suka yi shekara da shekaru suna soya ƙosai a filin wasa na Fonte Nova za a kore su. Ba su yi shiru ba: suka yi zanga-zanga, suka tara sa hannun dubban jama'a, suka aika da kokensu ga shugabar ƙasar ta lokacin, Dilma Rousseff. Daga bisani FIFA ta sassauta, aka ba wasu 'yan kaɗan daga cikinsu rumfuna a harabar filin, suka soya akaraje a gasar share fage ta 2013, suka kuma sake kafa kasko a babbar gasar shekarar da ta biyo.