Tumbin Akuya da Hatsarin Sauyin Abinci

Akwai wani zato da ya daɗe a tsakanin masu kiwo a ƙasar Hausa, wai akuya duk abin da ta samu za ta ci ta kwana lafiya. Wannan zato ya raba matan aure da yawa da jar akuyar da suke tattali domin ranar biki ko ta rashin lafiya.

Cikin akuya kashi 4 ne, mafi girmansu kuwa shi ne tumbi. A cikinsa akwai ƙananan halittu bila adadin, waɗanda ido ba ya iya gani, kuma su ne ke narkar da harawa da ciyawa da 'ya'yan gawo su mai da su abin da jiki zai amfana da shi. Halittun nan ba su son a yi musu ba-zata. Idan akuyar da ta saba da harawa ta auka wa buhun masara ko tarin ƙanzo ta cika ciki, sai wani jinsi daga cikinsu ya rinjayi saura, ya cika tumbin da tsami. Daga nan sai ta daina tuƙa, zawo ya biyo baya, wani lokaci har ta kai ga mutuwa. Saboda haka sabon abinci, ko da dusa ce, kaɗan-kaɗan ake shigo da shi, tsawon kwana 10 zuwa 14, kuma bayan ta ci harawa tukuna.

Gyauron dawa ya fi wannan saurin kisa, kuma manoma sun san haka tun kafin masana su gano dalili. Ɗanyen tohon dawa, musamman wanda fari ya taɓa, yana ɗauke da sinadarin da ake kira durin, wanda ke rikiɗa a cikin tumbi ya zama gubar sayanayid. Gubar tana hana tsokar jiki amfani da iskar da dabba ta shaƙa. Sai a ga akuya tana haki, jikinta na rawa, ta faɗi, sau da yawa kafin awa 1 ta cika. In an yanka, a tarar da jinin ja zur fiye da kima. Dawar da ta nuna karanta ya bushe ba ta da wannan hatsari sosai.

Ɓawon rogo ma yana da irin wannan guba, amma shanya shi a rana har ya bushe ƙayau yana rage ta ƙwarai.