Aikin Sa Kai a Gidan Baƙi na Mennonawa

A farkon watan Disamba na shekarar 2016, a kwanakin da wata kotu ta jihar Texas ta yanke hukuncin cewa bai halatta a ba gidajen tsare iyalai na Dilley da Karnes lasisin renon yara ba, hukumar shige da fice ta Amurka ta saki ɗaruruwan mata da ƙananan yara, galibinsu mutanen Honduras da Gwatamala da Salbado, aka sauke su a birnin San Antoniyo cikin sanyin hunturu. Kuma da aka rasa inda za a kai su, sai wata ƙaramar majami'a ta Mennonawa ta buɗe ƙofarta, aka shimfiɗa katifu har cikin ɗakin ibada. Majami'ar nan tana riƙe da wani gida mai suna La Casa de María y Marta, inda masu neman mafaka suke sauka, 'yan sa kai kuma suke yi musu hidima.

Mai karatu zai so ya san su wane ne Mennonawa. Wata ɗariƙa ce ta Nasara wadda asalinta yake komawa birnin Zurik na ƙasar Suwizalan a 1525, lokacin da wasu suka ce ba a yi wa jariri baftisma sai ya balaga ya zaɓa da kansa, suka kuma haramta wa kansu ɗaukar makami da yin rantsuwa. Sunan ya samo asali daga Menno Simons, wani limamin Katolika ɗan ƙasar Holan wanda ya bar muƙaminsa a 1536 ya bi su. Sarakunan wancan zamani, na Katolika da na Furotesta baki ɗaya, sun ɗauke su 'yan bidi'a masu tawaye, don haka aka nutsar da wasu a kogi, aka ƙona wasu. Daga nan hijira ta zame musu gado: wasu suka haye teku zuwa Pensilbaniya a 1683, wasu suka bi ta Farusiya zuwa daular Rasha a 1789, jikokinsu kuma suka sake ɗaure kaya zuwa Kanada da Amurka a shekarun 1870, da kuma bayan juyin juya halin kwaminisanci. Ƙungiyarsu ta agaji, wadda ake taƙaita sunanta da MCC, an kafa ta a 1920 domin ciyar da 'yan'uwansu da yunwa ta kama a Yukiren, ita ce kuma ta fara ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Kanada a 1979 a kan jama'a su ɗauki nauyin 'yan gudun hijira da aljihunsu. Mutanen Borno da Adamawa sun san danginsu na aƙida, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa, wadda ta fara a Garkiɗa a 1923.

Amma tarihi ba ya wanke kwano, kuma wanda ya sa kansa ga wannan aiki yana zaton zai ceci rayuka, da wuri yake gane cewa abin da ake bukata gare shi ya fi haka ƙanƙanta, ya kuma fi haka wuya. Wasu daga cikin 'yan sa kan matasa ne da suka ba da shekara ɗaya ko biyu, suna zaune gida ɗaya, suna cin tukunya ɗaya, ba su da albashi sai ɗan abin sayen sabulu. Ɗan sa kai shi ne mai zuwa tashar motocin Greyhound ya zauna kusa da matar da ba ta jin Ingilishi, ya ɗauki doguwar takardar tikitinta ya nuna mata da alƙalami garin da za ta sauka ta canja mota, da sa'o'in da za ta jira, har ta isa wurin ɗan'uwanta bayan kwana biyu ko uku. Shi ne mai nema mata igiyar takalmi, domin ana karɓe ta a gidan tsare mutane. Shi ne kuma mai tuna mata kada batirin na'urar da hukuma ta ɗaura mata a idon sawu ya mutu, a ɗauka ta gudu.

Inda aikin ya fi nauyi shi ne wajen takardu, kuma a nan ne na ga ya kamata a dakata. Dokar Amurka ta ba mai neman mafaka shekara ɗaya daga ranar shigowarsa ya gabatar da bukatarsa. Bisa ƙa'idar da aka daɗe ana bi ba ya samun izinin aiki sai bayan kwana 180 da gabatarwar. Gwamnati ba ta ba shi lauya kyauta. Idan ya sake mazauni wajibi ne ya sanar da kotu cikin kwana 5. Idan kuwa sammaci ya je tsohon adireshi, bai halarci zama ba, alƙali yana da ikon yanke hukuncin korarsa a bayan idonsa. Saboda haka mutumin da ya tsira daga 'yan ta'adda, ya ratsa daji da hamada, yana iya rasa kome a dalilin ambulan ɗaya da ba a buɗe ba. Ɗan sa kai ba lauya ba ne, haramun ne ma gare shi ya ba da fatawar shari'a, iyakarsa ya karanta wasiƙa, ya rubuta ranar zama a jikin bango, ya kai mutum ofishin lauya ya jira shi a waje. Wanda ya san fatoma a zangunan fatake na dā, mai saukar da baƙo, ya zame masa tafinta da jagora a garin da bai san kowa ba, ya fahimci matsayin nan, illa dai shi fatoma yana da la'adarsa.

A ganina, mafi girman ladabin gidan shi ne kame baki daga tambaya. Baƙon ya riga ya maimaita labarin musibarsa ga jami'in da ke auna ko tsoronsa na gaskiya ne, zai kuma maimaita shi gaban alƙali, don haka bai kamata a mayar da shi farashin tuwon dare ba. Haka nan mai masauki da ya san haƙƙin baƙunci ba ya fakewa da yunwar baƙo don ya ja shi zuwa addininsa, kuma ba ya hana shi shiga madafa ya dafa wake da wainar masara irin ta garinsu, domin zama cima-zaune yana ci wa mai mutunci rai fiye da yadda masu kyauta suke tsammani.

Akwai aibi a tsarin, ba kuwa ƙarami ba. A ƙarshen 2023 shari'o'in da suke jiran hukunci a kotunan shige da fice na Amurka sun haura miliyan 3, har ya zama ana sa wa mutum ranar zama bayan shekaru, alhali wa'adin ɗan sa kai shekara ɗaya ne ko biyu. Sau da yawa wanda ya tarbi iyali ba shi ne zai ji yadda shari'arsu ta ƙare ba, kuma baƙon da ya fara sakin jiki da wani sai ya wayi gari da sabuwar fuska, wadda za ta fara koyon sunayen 'ya'yansa daga farko.