Lissafin Shekara a Gindin Rumbu

Idan kaka ta yi, aka ɗaure damman gero da dawa aka kai gida, ka tambayi magidanci a Bakura ko Maradun yadda shekara ta kasance, amsarsa ba ta wuce "Alhamdu lillahi, sai godiya." Amsa ce ta mutumin kirki, ni ma ita nake bayarwa. Sai dai godiya daban, lissafi daban. Mai rumfa a kasuwar Talata Mafara ba ya tashi ranar kasuwa sai ya san abin da ya shigo da abin da ya fita. Gida kuwa, da ya fi rumfa yawan ƙofofin fita, sai a yi shekara goma ba a zauna an ce: wai bana me ya ci mu?

A yankin nan namu, ciwo da sana'a da tafiya igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Dubi watan Agusta. Ruwa ya kwanta a kududdufai, sauro ya yi yawa, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. Yaro ya kwanta da zazzaɓi, har ta kai ga ƙarin jini. Maigida ya bar gona kwana huɗu a daidai lokacin da ciyawa ke tsere da shuka. Kuɗi babu, sai ya karɓo bashi a hannun ɗan kasuwa, za a biya da buhu in an yi girbi, wato lokacin da hatsi ya fi araha a duk shekara. To, zazzaɓin Agusta ne ya kwashe buhunan Nuwamba, gibin buhunan nan kuma shi ya tura babban ɗa ci-rani tun bai huta ba. Wanda bai waiwaya ba zai ce gona ce ba ta yi kyau ba.

Shi ya sa nake ganin da lafiya ya kamata a fara, kuma uwargida ce mai riƙe da wannan babi. Ita ce za ta jawo kwalla daga ƙarƙashin gado, ta zaro leda mai ɗauke da katunan asibiti, wasu sun sha manja, wasu kusurwarsu ta yage.

"Malam, wannan na auta ne. Allurar wata tara ba a yi ba."

"Ashe ba a yi ba? Ai na ɗauka an gama."

"Ranar ce aka ce hanya ba kyau."

Allurar wata tara ita ce ta ƙyanda, ƙyanda kuwa da bazara ta fi kai farmaki. Ga aiki guda an gano tun kafin zafi ya shigo. Haka batun maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana rabawa da damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa tun 2012 ga ƙasashen Sahel. Na yara ne daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, sau ɗaya a wata, galibi daga Yuli zuwa Oktoba. Kowane zagaye na kwana uku ne: na ranar farko a gaban ma'aikaci ake sha, na sauran kwana biyun a hannun uwa ake bari. A nan ake samun sakaci. In an tarar da ƙwayoyin a cikin kwalla ba a sha ba, an san ta inda ɓarawon Agusta ya shigo.

A duba damtsen yara ma. Ɗan ma'aunin nan mai launi uku da ma'aikatan lafiya ke naɗawa a hannun yaro, in ya faɗa kan ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ta yi tsanani, ba batun jiƙo ba ne. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru tana kula da irin waɗannan yara a Zamfara, har da Talata Mafara. Sanƙarau kuma ba sai an tuna wa kowa ba, annobar 2017 daga jihar nan ta taso.

Sai sana'a. Mutanen ƙananan hukumomin Bakura da Maradun da Talata Mafara suna da abin da yawancin Zamfarawa ba su da shi: madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina, aka kammala a 1978. Ba a same ta a banza ba. Dattawa na tuna watan Afrilun 1980, lokacin da manoman da suka tashi neman diyyar gonakinsu suka gamu da harsasan 'yan sanda. Yau ruwan nan ne ke ba mai fili a ƙarƙashin madatsar girbi na biyu, shinkafa da kayan lambu, sa'ad da wasu ke zaman jiran damina.

Amma manominmu buhu yake ƙirgawa, ba ya ƙirga abin da buhun ya ci. Taki, iri, maganin feshi, 'yan ƙwadago, fetur ɗin injin ban-ruwa, a wasu ƙauyuka har da harajin da 'yan bindiga ke ɗorawa kafin su bari a girbe. Abin mamaki, shari'a ta riga mu wannan lissafi: amfanin da ruwan sama ya shayar zakkarsa ushiri ce, ɗaya cikin goma, wanda aka shayar da wahala da kashe kuɗi kuwa rabin ushiri. In zakka ta san akwai ɗawainiya, me zai hana mai gona ya rubuta tasa?

Sana'a kuma tana shigo da ciwonta gida. Yaron da ke wuni cikin ruwan kwalbati yana wanka da kamun kifi, in aka ga jini a fitsarinsa, tsargiya ce. Ƙwayarta a jikin dodon-koɗi take girma, ta huda fata ta shiga. Ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke cewa, kuma maganinta na nan a asibiti. Mai zuwa haƙar zinariya ya tuna 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, don kawai ana kawo dutsen cikin gida ana daka shi a tsakar gidan da yara ke rarrafe.

Babin tafiya ya fi kowanne ɗaci a shekarun nan. Talata Mafara na kan titin Gusau zuwa Sakkwato, ga manyan asibitoci ta gabas da ta yamma, amma nisan wuri yanzu ba da kilomita ake auna shi ba, da sa'a ake aunawa: ƙarfe nawa ne, kuma me aka ji game da hanya yau? Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya zama rabin jinya. A Satumbar 2021 an ga yadda rayuwa ke komawa in an katse layukan waya an rufe kasuwannin mako. Don haka gidan da ke da mai ciki a ƙauye, tun yanzu za a ƙirga watanni, a san gidan ɗan'uwan da za ta koma kusa da asibiti in wata ya kama. Naƙuda ba ta jiran gari ya waye, direba kuwa jira yake yi.

Tafiyar biki da suna da ta'aziyya ban sa ta cikin asara ba, zumunci ne, kuma ranar da ciwo ya zo su waɗannan dangin ne ke haɗa kuɗin. Ci-rani ne ke bukatar tambaya. Wata biyar a Abuja ko Legas ana dako ko acaɓa: nawa aka turo, nawa kuɗin mota da kwana suka cinye, da me aka dawo? Wanda ya dawo da tarin da ya haura mako biyu a kai shi gwajin tarin fuka, gwajin da maganin duk kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kafin ya raba wa 'yan ɗakinsu.

Littafin makaranta guda ya isa rubuta duk wannan lissafi, da boko ko da ajami, kowane wata da shafinsa. A yi zaman bayan an fitar da zakka, kafin 'yan ci-rani su hau mota, don in sun tafi rabin shaidun sun tafi ke nan, sai kuma ruwan farko.