Waƙa da Zane: Makarantar Dare a Gidajen Birnin Gwari

A ƙauyukan ƙasar Birnin Gwari, kamar Kuyello da Randagi da Dogon Dawa, akwai makarantar da ta riga allo da alli zuwa. Takan buɗe ne bayan sallar isha'i, idan an ci tuwo an shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Uwa tana jijjiga goyonta da waƙar reno, kaka tana jero tatsuniya mai waƙa a ciki, 'yan mata kuma suna can dandali suna gaɗa da tafi. Ba wanda ya taɓa kiran wannan da sunan darasi, amma binciken masana ya nuna cewa a nan ne yaro yake fara tara jarin da zai koyi karatu da shi.

Maganar ta ƙara nauyi a wannan yanki. Shekaru da dama 'yan bindiga sun addabi ƙasar Birnin Gwari, aka rufe makarantu masu yawa, mutanen ƙauyuka suka yi gudun hijira, dandali ya yi tsit. A ƙarshen shekarar 2024 Gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙulla sulhu, har aka sake buɗe kasuwar shanu ta garin bayan ta daɗe a rufe. Sai dai buɗe kasuwa ya fi mayar da ilmin da ya kuɓuce sauƙi. Akwai yaran da suka kai shekara goma ba su iya haɗa baƙi da wasali ba. Irin waɗannan yara suna bukatar malami, suna kuma bukatar gida ya kama wa malamin.

Abin da kunne ke koya wa ido

Kafin yaro ya iya karanta kalma, dole ne ya gane cewa kalmar nan da yake ji a dunƙule tana da gaɓoɓi da sautuka, domin sautukan ne haruffa suke wakilta. A shekarar 1983 wasu masana biyu na Jami'ar Oksfod da ke Ingila, Lynette Bradley da Peter Bryant, sun bayyana sakamakon wani bincike a mujallar Nature. Sun gwada yara kusan 400 'yan shekara 4 da 5 waɗanda ba su fara karatu ba. Sukan faɗa wa yaro kalmomi uku ko huɗu, su ce ya fitar da wadda amonta ya saɓa da na sauran, kamar a ce wa ɗan Bahaushe doka, toka, gona. Da aka bi diddigin yaran shekaru bayan haka, sai aka tarar waɗanda kunnensu ya fi kama amo su ne suka fi iya karatu da rubutu. Masanan sun kuma ware wasu daga cikin yaran suka horar da su da hotunan abubuwa masu amo iri ɗaya. Waɗanda aka haɗa wa hotunan da haruffa su suka yi zarra.

Kunne kuwa da wuri yake fara aiki. A 1986 Anthony DeCasper da Melanie Spence a Amurka sun sa mata masu ciki su riƙa karanta wani ɗan labari da ƙarfi kullum a makonni shida na ƙarshen cikinsu. Da aka haifi jariran, sai suka nuna sun fi son jin wannan labari a kan wanda ba su taɓa ji ba. Ma'ana dai ba su san ta ba. Kari da tashi da faɗuwar murya ne suka riƙe.

Waƙar Hausa cike take da waɗannan sinadarai. Tana da amsa-amo a ƙarshen baiti, tana da kari wanda aka gina a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Yaron da ke tafi yana bin waƙa, gaɓoɓi yake ƙirgawa ba tare da ya sani ba.

Amfanin zane

Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. Gari na mutane da gari na tuwo rubutunsu ɗaya. Haka doka ta hukuma da doka itaciyar daji. Babba yakan bambance su daga ma'anar jimla, amma mai koyo yakan yi tuntuɓe. A nan ne murya da zane suke cike giɓin: idan uwa ko yaya ta rera baitin, yaro ya ji yadda ake furta kalmar; idan ya dubi zanen, ya ga abin da ake nufi. Wani masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Kanada, Allan Paivio, ya bayyana a 1971 cewa ƙwaƙwalwa tana adana abu ta hanyar kalma da ta hanyar sura, kuma abin da ya shiga ta hanyoyin biyu ya fi wuyar mantuwa. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. A wajen koyon karatu kuwa, gani da ji abokan tafiya ne.

Gadon da ake da shi

Koyarwa da waƙa tsohuwar hanya ce a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1793-1864) ta tsara waƙoƙi da Hausa da Fulatanci da Larabci, jajis ɗinta kuma suka riƙa kai su ƙauyuka suna koya wa mata a cikin gidajensu. Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai Waƙoƙin Imfiraji, makaho ne. Da baki ya tsara baitocinsa, da kunne kuma dubban mutane suka haddace su.

Ta fuskar ɗab'i, Zariya ce cibiya. Can aka shirya Magana Jari Ce na Abubakar Imam a ƙarshen shekarun 1930, da zane-zanen da suka zauna a zukatan ɗalibai. Can kuma aka buga waƙoƙin Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu. Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni domin yara a farkon shekarun 1970. Amma idan aka lura, zane ya fi bin littattafan zube, waƙoƙin da aka buga kuwa yawanci na manya ne, a kan addini da siyasa da gyaran hali, baiti bisa baiti ba hoto. Littafin waƙar yara mai zane har yanzu kaɗan ne a Hausa, kuma da wuya a ci karo da shi a kasuwar ƙauye.

Daji a cikin littafi

Birnin Gwari tana da abin zanawa. A ƙasarta ne Gandun Dajin Kamuku yake, wanda aka keɓe tun 1936, aka kuma mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,000. Dajin doka ne da maje da kaɗanya da ɗorawa da taura, kuma an san shi da giwa da gwanki da mazo da gwaggon biri. Yaran da suka tashi a shekarun tashin hankali ba su san dajin da waɗannan sunaye ba. Abin da suka sani shi ne wurin da tsoro ke fitowa. Ɗan littafin da zai nuna musu kaɗanya da gwanki, da baiti a ƙarƙashin kowanne, zai koya musu haruffa, ya kuma mayar musu da sanin ƙasarsu.

Ba sai an jira kamfanin ɗab'i ba. Malamin Hausa zai iya tura ɗaliban sakandare wajen kakanninsu su rubuto waƙoƙin reno da na gaɗa da na tashe, da kacici-kacici masu amo. A zaɓi gajeru, a rubuta baiti ɗaya a shafi da manyan haruffa, wanda ya iya zane ya zana, a ɗinke takardun da zare da allura. Aji ɗaya zai iya fitar da littattafai da dama a zango guda, kowane ɗalibi ya tafi da nasa gida domin ƙannensa.

Yadda za a karanta

Minti goma ko sha biyar kowane dare sun fi awa guda sau ɗaya a mako. Mai karatu ya zaunar da yaro kusa da shi yadda zai ga shafin, ya riƙa bin layi da yatsa, ya rera maimakon ya karanta kamar wasiƙa. Idan ya zo kalmar ƙarshen baiti, ya ɗan dakata yaro ya cike. Ya tambaye shi abin da ya gani a zanen, da inda ya taɓa ganin irinsa. Idan yaro ya nemi a maimaita waƙa ɗaya dare bakwai a jere, a maimaita masa, domin maimaici ne ke kafa ta.

Iyayen da ba su yi boko ba su ma suna da babban matsayi, don waƙoƙin a bakinsu suke. Uwa ta rera, ɗan sakandare ya bi rubutun da yatsa, ƙaramin ya duba zane. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a Birnin Gwari tabarmar tsakar gida tana nan a kowane gida, ko an buɗe makarantar ƙauyen ko ba a kai ga buɗe ta ba.