HAƘƘIN KARE A KAN MAI SHI: CIYARWA DA SHAYARWA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Jega, ya ratsa Boɗinga da Shagari, zai lura da yawan karnuka a bakin garuruwa, da rugage, da lambunan fadama. A shekarun nan da satar shanu da fashin dare suka yi yawa a ƙasar Arewa, mutane da yawa waɗanda a da ba su ko kallon kare sun koma suna neman sa. Ɗan kasuwa ya ɗaure guda a bakin rumbun hatsi, ma'aikacin gwamnati ya ajiye guda a gonarsa ko a gidan da yake ginawa, makiyayi kuwa dama can ba ya rabuwa da nasa. Amma abin takaici, mafi yawan karnukan nan in ka dube su sai ka ƙirga haƙarƙarinsu. Da rana suna yawon juji da bakin mayanka, da dare kuma ana bukatar su yi gadi.

Yankin nan kuwa gidan ilmi ne tun asali. A Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga kafin ya tare a Gwandu. Har yau ana karanta Risala da Muhtasar a zaurukan garuruwan nan. Saboda haka ya kamata mu duba abin da littattafan suka ce game da wannan dabba, mu haɗa da abin da likitocin dabbobi suka tabbatar, domin wanda ya ajiye kare ya san nauyin da ya ɗauka.

WANE KARE AKA YARDA A AJIYE

Hadisi ya tabbata a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, da Bukhari da Muslim, cewa wanda ya riƙi kare ba domin farauta ko tsaron dabbobi ba, ana rage masa lada mai yawa kowace rana. Wata ruwaya ta ƙara da tsaron shuka. A kan wannan ne Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya gina hukuncin da ke cikin Risala, watau ba a ajiye kare sai domin gona, ko garke, ko farautar da mutum yake neman abinci da ita. Farautar nishaɗi ba ta cikin wannan rangwame.

Game da gadin gida da dukiya malamai sun yi saɓani, amma da yawa daga cikin na baya sun halatta shi idan tsoro ya tabbata, bisa ƙiyasi da tsaron garke. Masu sharhin Risala ma sun kawo labarin cewa shi kansa Ibnu Abi Zaid ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi a zamanin da babu aminci, da aka tuna masa ra'ayin Malik sai ya nuna cewa da Malik ya ga irin wannan zamani, da ya ajiye abin da ya fi kare tsanani.

Akwai kuma wata mas'ala da take hana mutane kusantar karnukansu, ita ce zaton cewa kare najasa ne. A mazhabar Malikiyya, wadda ƙasar nan take bi, duk mai rai mai tsarki ne, har da kare da yawunsa. Idan ya sa baki a ƙwaryar ruwa ana zubar da ruwan a wanke ƙwaryar sau bakwai, domin bin umurnin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Shafi'iyya su ne suke ganin najasa ne, suna kuma sharɗanta ƙasa a ɗaya daga cikin wankin. Ko ta wace fuska aka ɗauka, babu malamin da ya ce wannan hujja ce ta barin kare da yunwa. Abin da za a fahimta kawai shi ne a ware masa kaskonsa dabam.

CIYARWA WAJIBI CE

Malaman fiƙihu sun sanya ciyar da dabba a cikin babin nafaƙa, wuri guda da ciyar da iyali. Sheikh Halil ya bayyana a cikin Muhtasar cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu makiyayar da za ta ci ta ƙoshi. Saniya tana da makiyaya, akuya ma haka, amma kare ba shi da wata makiyaya sai hannun ubangidansa. Wanda ya ɗaure shi da sarƙa kuwa ya toshe masa ko da ƙofar kalen abinci, nauyin ya koma wuyansa gaba ɗaya.

Kowa ya san labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwa, ta tsare ta ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba, har ta mutu. Haka kuma Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, ya ruwaito labarin matafiyin da ya ga kare yana lasar ƙasa saboda ƙishirwa, ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe shi da baki ya hau, ya shayar da karen, Allah Ya gafarta masa. Da sahabbai suka yi mamaki sai aka sanar da su cewa akwai lada a cikin kyautata wa duk abin da yake da rai. To, idan wannan shi ne sakamakon shayar da karen da ba naka ba, ina ga wanda ya kwana yana tsare maka dukiya alhali kana barci?

ABINCIN DA YA DACE

Ba lalle ne sai mutum ya sayi abincin karnuka na cikin buhu da ake shigowa da shi daga waje ba. Abin da ke cikin gidajenmu ya wadatar, in an san yadda za a haɗa shi. Buzaye da Fulanin Sahel sun daɗe suna riƙon karnukan farauta masu gudu da ƙarfi da gero da nono da ɗan abin da aka samu na nama.

Tushen abincin shi ne hatsi, gero ko dawa ko masara ko shinkafa, amma a dafa shi ya nuna sosai, domin cikin kare ba ya narkar da ɗanyen gari ko tsakin da bai dahu ba. Sauran tuwo da ƙanzon da aka jiƙa duk suna yi. Sai dai tuwo zalla ba ya gina jiki, kuma kuskuren da mafi yawan masu karnuka suke yi ke nan. Tilas a haɗa da abin da ya fito daga dabba: tumbi, ko huhu, ko ƙundun kaza, ko kan kifi, ko dafaffen ƙwai. Abin da ya fi sauƙin kiyayewa shi ne a cikin kowane kasko kashi biyu su zama tuwo, kashi ɗaya nama ko makamancinsa. Hanta tana da amfani ƙwarai, amma kaɗan-kaɗan, sau ɗaya ko biyu a mako. Wake da ya dahu ya yi laushi yana taimakawa ranar da babu nama, haka ma kindirmo, wanda ya fi ɗanyar madara sauƙi a cikin babban kare. A ƙara ɗan kabewa ko dankalin Hausa ko karas dafaffe, da ɗan cokalin mai.

Abu guda da ake mantawa shi ne abin gina ƙashi. Tuwo da tsoka ba su da isasshen sinadarin da ƙashi yake bukata, shi ya sa ake ganin 'yan kwikwiyo da karkatattun ƙafafu. Maganin wannan shi ne a tafasa ɓawon ƙwai, a shanya, a daka shi lukui, a riƙa barbaɗa kaɗan a kan abincin.

Babban kare yana ci sau biyu a yini, safe da yamma. Kwikwiyo kuwa sau uku ko huɗu. Karya mai shayarwa tana bukatar ninki biyu na abin da ta saba ci, ko fiye. Ma'aunin da ba ya bukatar sikeli shi ne a shafa gefen kare: idan ana jin haƙarƙari da hannu amma ba a ganin sa daga nesa, to, abincin ya yi daidai.

Game da ruwa, kare mai nauyin kilo 20 yana bukatar wajen lita guda a yini, a lokacin bazara kuwa, sa'ad da zafin ƙasar Sakkwato yake wuce digiri 40, bukatar tana ƙaruwa ƙwarai. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi. Ɗaure shi a rana ba inuwa ba ruwa yana iya kashe shi a yini guda.

ABUBUWAN DA ZA A GUJE WA

Na farko albasa da tafarnuwa. Ƙasarmu ƙasar albasa ce, kusan babu miyar da ba a sa ta, alhali kuwa tana lalata jinin kare, ɗanya ce ko dafaffiya. Saboda haka ya fi kyau a cire rabon kare daga tukunya kafin a zuba kayan miya, da gishiri mai yawa, da barkono. Na biyu goro, da shayi, da kofi, da cakulan, domin abin da ke cikinsu mai wartsakar da mutum guba ne ga zuciyar kare. Na uku inabi da zabibi, waɗanda suke iya kashe masa ƙoda. Na huɗu dafaffen ƙashi, musamman na kaza, domin yana tsagewa ya soke hanji. Na biyar hatsi ko gyaɗa ko ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna. Mutane sukan ce a ba kare tun da ya lalace, alhali gubar fumfuna tana cin hantarsa kamar yadda take cin ta mutum.

MUSHE DA ƊANYEN KAYAN CIKI

A nan ne maganar ta wuce kare ta shafi 'ya'yanmu. Malaman mazhaba sun yi rangwame a jefa wa karnuka mushe, tun da yake ba a kallafa musu shari'a ba. Amma wannan rangwame yana tafiya ne tare da ƙa'idar nan ta hana cuta da cutarwa, kuma likitoci sun gano cutar da ke cikin al'adar.

Mahauta sun san wasu ƙululai masu ruwa da akan tarar a huhu ko hantar tunkiya da saniya, musamman ma raƙumi. Sau da yawa akan yanke wurin a jefa wa karnukan da ke jira. Kowane ƙululu cike yake da 'ya'yan wata tsutsa. Idan kare ya ci shi ɗanye sai tsutsar ta girma a hanjinsa, ƙwayayenta su riƙa fita tare da kashinsa, su faɗa a ciyawa, da ganyen lambu, da ƙasar da yara suke wasa. Idan suka shiga cikin mutum sai irin wannan ƙululu ya tsiro a hantarsa ko huhunsa, ya yi shekaru yana girma a ɓoye, sau da yawa kuma ba ya fita sai da aikin tiyata. Hanyar yanke wannan zagaye mai sauƙi ce: duk gaɓar da aka ga ƙululu a jikinta a ƙone ta ko a binne ta da zurfi, sauran kayan ciki kuma a dafa su sosai kafin a ba kare. A kula da wannan musamman ranar Babbar Salla, lokacin da ake yanka a kowane gida ba tare da malamin duba nama ba.

Haka nan dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini yana fita ta hanci ko ta dubura, kada a feɗe ta, kada a ba kare. Alamar cutar saifa ke nan, wadda hukuma ta tabbatar da ɓullarta a Suleja ta Jihar Neja a watan Yuli na 2023, kuma tana kama mutum.

HAUKAN KARE

Karen da ba a ciyar da shi a gida tilas ya fita nema, a can ne kuma yake faɗa da karnukan da ba su da iyayengiji, ya ɗauko ciwon hauka ya kawo cikin gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, da yawa daga cikinsu yara ne, kuma kusan dukkansu ta hanyar kare suka kamu. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi.

Rigakafi ya fi magani. Ana yi wa kare allura tun yana da wata uku, a riƙa maimaitawa shekara-shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa wannan allura, ana kuma iya neman bayani a ofisoshin dabbobi na ƙananan hukumomi ko a asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A nemi maganin tsutsar ciki ma, a riƙa ba shi bayan kowane wata uku. Wanda kare ya cije shi kuwa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, sa'an nan ya garzaya asibiti a ranar, kada ya tsaya jiran ganin abin da zai faru.

Kiranmu ga attajirai da ma'aikata shi ne su daina barin al'amarin a hannun maigadi ba tare da sun ba shi kuɗin abincin karen ba, domin ranar hisabi mai dukiya za a tambaya. Ga sarakunan fawa, su hana jefa wa karnuka gaɓoɓin da suka lalace. Ga limamai da malaman zaure kuma, idan sun zo babin farauta ko na nafaƙa, su tsaya su warware wa almajirai wannan mas'ala. Wanda ya ga ba zai iya ɗaukar nauyin ba, to, ya ba wani makiyayi ko manomin da zai iya, ya huta da alhaki.

Allah Ya sa mu ji tausayin na ƙasa da mu domin Ya ji tausayinmu, Ya tsare mana dukiyoyinmu da iyalanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Wassalamu alaikum.